Jan Waken Gwaggo

Badaru taubashina ne, ɗan Gwaggo Zahara'u ƙanwar mahaifina, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ɗina ne ko a gaban alƙali. Mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, ga tsabta har ta yi yawa, don jakina ma kunyar tsayawa ƙofar gidansa yake ji. Aibinsa guda ɗaya ne tak: bai iya roƙo ba. In wutar gidansa ta mutu, gara ya ci gari da ruwa da ya aika maƙwabta a ɗebo masa garwashi. Tun muna yara haka yake, yanzu kuwa ga furfura ta cika masa gemu, abin bai sake shi ba.

Gwaggo tana da wani jan wake da ba a samunsa a kasuwar Konni ko ta Bazaga. Ƙanana ne ƙwayoyinsa, ja wur, yana nuna tun kafin itacen murhu ya ci rabi, ga gardi. Ita ma wurin uwarta ta gaje shi. A gamanarta take shuka shi, wato 'yar gonar da aka yankar mata tun tana amarya, jigawa mai laushi da gawo ɗaya a kusurwa. Kowa a garinmu ya taɓa cin wannan wake, domin Gwaggo ba ta iya dafa abinci ta rufe ƙofa.

Da Allah ya yi mata rasuwa, damina uku ke nan, dattawa suka zauna rabon gona tsakanin 'ya'yanta biyu, Badaru da ƙanwarsa Wasila, wadda ke aure a wani ƙauye kusa da gamanar. Gonaki biyu ne. Akwai gamanar, akwai kuma wani makeken fili a kan tudu, arewa da gari. Aka auna da igiya, tudun ya ninka gamanar har da ɗori. Aka ce Badaru ya zaɓa, shi ne babba, shi ne namiji.

Na ja hannun rigarsa na ce masa a kunne, “Tudun ga fako na. Ko tsidau ba ya hita can.”

Ya ce, “Ni ba ni noman wurin da tabarma ka ruhewa.” Ya zaɓi tudu.

Da a nan aka tsaya, da an tashi lafiya. Sai Wasila, da zuciya ɗaya, ta ce a gaban mutane, “Yaya, in tudun ya ƙiya, gamana tana nan, ka zaka ka shibka abin da kaka so.”

Ai kamar ta watsa masa barkono. Ƙanwarsa, a gaban dattawa, tana yi masa tayin sadaka! Ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, “Wallahi ko dunƙulen ƙasa guda ba ni roƙo gare ki.” Daga nan ya shiga ɗakin marigayiya, ya sauko da gorar da take ajiye irin jan waken, ya rataya a kafaɗa ya fita. Babu wanda ya hana shi. Haka aka rabu, ƙasar wake tana hannun Wasila, irin waken yana hannun Badaru, kuma daga ranar ba su ƙara yi wa juna magana ba. Shi yana cewa ita ce ƙarama, ita ya kamata ta zo gaisuwa. Ita tana cewa ba bakinta ya yi rantsuwa ba.

Ni kuwa sana'ata amalanke ce, kullum ina kan hanyar da ta bi ta ƙauyen su Wasila, sai na zama musu waya. Badaru zai tare ni da safe yana kallon wani wuri ya ce, “In ka bi ta can, ka duba ko an gyara rufin ɗakin nan da yay yi yoyo. Ba ni nic ce ba.” In na isa can, Wasila ta ƙulla daddawa da kuka a leda ta ce, “Ka kai gidan mutumin ga, ka ce kai kas saya.” Tun yaushe nake sayen daddawa ina rabawa? Badaru ya san hannun da ya yi ta, ya karɓa ya ce Allah ya saka mini. Ni ma ina samun nawa ƙullin, ban kuwa taɓa jin nauyin aikin ba. Ina ganin lada nake tarawa.

Abin da ya fara yi da gorar shi ne tsabta. Ya zazzage ta a faifai ya tarar da waken cakuɗe da toka da ƙasa. Tokar ya san ta maganin ƙwari ce. Ƙasar kuwa ya ce tsufa ne ya kama Gwaggo har ba ta iya sheƙe wake. Ya sa rariya ya tankaɗe shi tas, ya wanke gorar da sabulu, ya shanya, ya zuba sabuwar toka. Har kirana ya yi in zo in ga yadda waken ke sheƙi.

Maganar gaskiya, ya yi aiki a tudun nan. Rani guda yana haƙa tassa, ƙananan ramukan da ake yi a fako don su tare ruwan sama, har tafin hannunsa ya fashe. Gero ya ɗan yi. Amma jan waken, da ya tsiro, sai ya tsaya cak, ganyen ya yi ɗorawa kamar mai shawara. Abin da ya roro bai kai abin da ya shuka ba. Damina ta biyu ma haka. Kowace shekara gorar tana ƙara sauƙi a hannu, kowace shekara Badaru yana ƙara tamke fuska. Ya san in wannan wake ya ƙare a hannunsa, ya ƙare a duniya, kuma ya san garin duka ya san haka.

A damina ta uku ya ce ya gano bakin zaren. Yunwa ce ke damun waken. Ya hau amalankena muka je Konni, ya sayo angire, farin takin zamanin nan mai kama da gishiri. Da ruwan shuka ya sauka ya zuba waken a tassa, ya bar cikin hannu biyu kacal a gindin gora, domin ko Badaru yana da sauran hankali. Da ya tsiro, ya bi shi rami rami yana ba shi angire kamar mai ciyar da ragon layya. In an ce a sa ɗan yatsa uku, shi sai ya sa tafi.

Waken kuwa ya tashi. Kore shar, har yana baƙi, ganye faffaɗa kamar na kabewa. Badaru ya sake zama mutum. Ya riƙa zuwa tudu da farar riga, yana tsayawa bakin hanya don masu wucewa su yi masa barka. Ya ce mini, “In ka bi ta can, kana iya hwaɗin abin da idonka yag gani. Ba ni nic ce ba.” Na faɗa. Wasila ta ce, “Madalla,” ta ci gaba da tankaɗe garinta.

Ana tsakiyar Yuli sai ga Malama Raihanatu, malamar gona ta kwamin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, a kan babur, ta zo duba tassa. 'Yar Tsarnawa ce, ba ta kai shekara talatin ba, ba ta da tsawo, kuma ba ta da tsoron gemu. Ina wurin, na kawo wa Badaru ruwa a jarka. Ta gaishe mu da ladabi, ta yaba ramukan, ta zagaya cikin waken tana kaɗa kai. Badaru yana biye da ita yana jiran yabo. Sai kawai ta durƙusa, ta sa hannu ta tono gindi ɗaya da saiwarsa, ta ɗaga sama.

Na ɗauka Badaru zai faɗi. “Ke ɗiyag ga! Kin san abin da kika tumɓuke?”

“Yi haƙuri, Baba. Sama na gani, ƙasa nika son gani.” Ta kaɗe saiwar a tafin hannunta. Fara ce sol, santsi, ba ko ƙulli. “Ka gani? Babu kowa gidan.”

“Wa kika so ki iske cikin saiwa?”

Ta buɗe jakarta ta fito da wani gindin wake da ta ciro a wata gona da safe. Ganyensa bai kai na Badaru kyau ba ko kusa. Amma saiwarsa cike take da 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa.

Badaru ya ja da baya. “Wanga ai ƙuraje na. Kak ki kusanto da shi ga nawa.”

Ta yi dariya, ta sa farce ta fasa ƙulli ɗaya, ta miƙo mana. Cikinsa ja ne, jan nama. Ta ce wannan ɗaki ne, kuma akwai masu haya a ciki. Wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, a lakwal, wato makarantar boko, ana ce musu bakteriya, cikin ƙasa suke zaune. Su suka iya kamo abincin shuka daga iska su mai da shi taki, wake bai iya ba. Shi kuma wake ya iya yin zaƙi a ganyensa, su ba su iya ba. Sai su yi musaya. In cikin ɗakin ya yi ja, aiki ake yi.

Na ce, “To wa ka haɗa su? Akwai dillali?”

Ta ce babu dillali, magana suke yi. In wake ya ji yunwa, saiwarsa tana sakin wani sinadari cikin ƙasa, kamar yadda ƙamshin tuya ke fita ta kan katanga. Halittun nan in sun ji, sai su ma su saki nasu sinadarin, amsa ke nan. In saiwar ta gane amsar, ta tabbata ba ɓarawo ba ne, sai ɗan gashin jikinta ya lanƙwashe ya rungumo su, ya buɗe musu hanya, a gina ɗaki. Ba kowace halitta ke jin kiran wake ba, kuma ba kowace amsa wake ke yarda da ita ba.

Badaru ya harɗe hannu. “Wake na magana. To, mun ji. Mi yah hana nawa magana? Bebe na?”

“Damina biyu da sunka wuce ya yi kira, Baba, har ya gaji. Fakon ga ya yi shekara nawa bai ga saiwa ba? Masu amsawa ba su da yawa nan, rana ta gasa su, ruwa ya kwashe ƙasar sama. Bana kuwa ka cika mishi ciki da angire. Shi kau wake in ya iske abinci bakin ƙohwa, ba ya kiran kowa. Ganye za shi yi ta yi, 'ya'ya kaɗan. In ruwa mai yawa ya zaka ya wanke angiren, sai shi waiwaya shi ga ba shi da kowa.”

A nan ne wani abu ya faɗo mini a rai, kuma da yake bakina ba ya da ƙofa, na faɗe shi. Gwaggo in za ta ba mutum irin waken nan, ba ta taɓa ba shi tsirara. Sai ta ɗebi ƙasar gamana ta ƙulla a gefen tsumma, ta ce a cuɗa da ita kafin a shuka, wai waken ba ya son zuwa baƙon wuri shi kaɗai. Mu muna dariya, muna cewa camfin tsofaffi.

Raihanatu ta tafa hannu. “Allah shi jiƙan tsohuwa! Ai masu amsawar taka haɗa shi da su. Ina ƙasar da ta bari cikin irin?”

Na dubi Badaru. Badaru ya dubi sama, kamar an ce masa ga jirgi. Na ce, “Malama, ai gidan su Badaru akwai rariya mai kyau.”

Kafin ta hau babur ta gaya masa gaskiya ba rufi. Wake yana karɓar shuka har ƙarshen wata, saura kwana goma sha biyu zuwa sha biyar. Ƙasar kowace tsohuwar gonar wake tana iya taimakawa. Amma mai cikin hannu biyu kacal ba ya gwaji, in ita ce, inda waken ya saba za ta nema. Ta tambaya ko gonar tana da nisa. Badaru ya ce wai shi bai san zancen da ake yi ba, kuma yaran yanzu in an sa su lakwal sai su dawo suna jin hirar saiwa.

Kwana biyu da tafiyarta aka ɓalle da ruwa, kwana uku ana yi. Tassa suka cika suka tsotse, suka sake cika. Bayan mako guda da zuwanta ganyen ƙasa ya fara ɗorawa, irin ɗorawar da Badaru ya sani sarai. Ya daina sa farar riga. Na same shi wata safiya durƙushe yana tona gindin wake da ɗan yatsa a hankali, yana leƙa saiwa, da ya ji motsina ya yi kamar ciyawa yake cirewa. Na ji tausayinsa ƙwarai, har na kasa tsokanarsa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yaye mu.

Washegari ya tare ni bakin hanya da buhu a naɗe. Yana kallon kunnen jakina ya ce, “In ka bi ta can, ka ɗebo ƙasa kaɗan gindin gawon nan. Ba sai kowa ya gani ba. Ba ni nic ce ba.”

Na miƙa hannu zan karɓi buhun, sai maganar Raihanatu ta dawo mini: in ya iske abinci bakin ƙofa, ba ya kiran kowa. Shekara uku ke nan Badaru yana samun labarin ƙanwarsa a bakin ƙofa, da daddawa a kai. Ita ma tana jin tarinsa ya warke ko bai warke ba, ba tare da ta taka ko'ina ba. Me zai sa ɗayansu ya buɗe baki? Ina ta murna ina tara lada, ashe ni na tsaya a tsakani. Kunya ta kama ni, na janye hannuna.

Na ce, “Ba ni zuwa.”

“Mi kac ce, Yahuza?”

“Nic ce ba ni zuwa. Ni na angirenku, kai da ita. Daga yau na bar kai, na bar kawowa. Wake ma da ba shi da baki shi ka kiran nashi.”

Ya zage ni zagin taubashi, ya haɗa da jakina da amalankena, ya ce dama ɗan namiji ba ya da amana. Na ce na ji, na kaɗa jaki na wuce. Da na bi ta ƙauyen su Wasila ta miƙo ƙulli, na ce hannuna ciwo yake. Ta tambaye ni lafiyar mutanen gida, na ce ban duba ba. Ta bi ni da kallo har na sha kwana.

Kwana huɗu bai yi mini magana ba. Ina ta lissafin kwanakin shuka a yatsa, domin in waken ya salwanta saboda taurin kaina, ban san da wane ido zan dubi kabarin Gwaggo ba. Rana ta biyar aka yi ruwa da asuba. Hantsi bai ɗaga ba sai ga Badaru a ƙofar gidana, da babbar riga, cikinsa ya yi tudu ta gefe guda.

Ya ce, “Kai ni kasuwar Bazaga.”

Ranar ba kasuwa ba ce, ni da shi da jakin duk mun sani. Na ce bismilla. Muka kama hanya, ina jin ƙarar gora tana bugun ƙarfen amalanke daga ƙarƙashin rigarsa. Da muka zo daidai gamanar Gwaggo ya ce in tsaya zai kama ruwa. Ya sauka ya nufi gawon da sauri, yana zaro buhu daga aljihu. Dattijo mai furfura, za shi satar ƙasar uwarsa da rana tsaka don kada ya roƙa.

Bai kai ba. Wasila ta ɗago daga cikin gero da hauya a hannu, zane ɗaure a ƙugu. Shi ya tsaya, ita ta tsaya. Shekara uku ba su ga juna kusa haka ba, na ga kowannensu yana ƙirga furfurar ɗan'uwansa.

A gindin gawon akwai wani ɗan fili, kunya huɗu, a share tas, an nome shi, ba a shuka komai ba. Na sha ganinsa ina wucewa. Bara na tambaye ta, ta ce tururuwa ce ta yi yawa a wurin.

Wasila ta juyo wajena. “Yahuza, tambayi mutumin da kaɗ ɗauko mi shika nema gonar mutane.”

Badaru ma ya juyo. “Hwaɗa mata hanya ta biyo da mu.”

Ni kuwa na sauka na ɗaga ƙafar jakina ina duba kofato. Na ce masa, “Kai dai ka ji daɗinka, ba ka da ƙanwa, ba ka da wa.” Na duba ƙafa ta biyu. Na duba ta uku. Jakin nan bai taɓa samun kulawa irin ta ranar ba. Na rantse a raina ko za mu kai la'asar ba zan ɗago ba.

Can na ji murya kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

“Wasila.”

Ba ta bari ya rufe baki ba. “Na'am, Yaya.”

Ya dubi buhun hannunsa. “Ƙasa nika so. Dunƙule guda. Roƙonki nikai.”

Ta ce, “Ba ni badawa.”

Na saki ƙafar jaki. Badaru ya fara naɗe buhun.

Ta nuna filin gindin gawo da hauya. “Ƙasa ba ta zuwa wurin wake bana, lokaci ya ƙure. Waken shi zaka gida. Damina ukku ina share wurin ga, ina jira har ƙarshen watan bakwai, in ban gane ka ba in cika shi da hwarin wake don kar ƙasar ta manta. Bana saura kwana ukku in cika. Hito da gorar, Yaya, tun daga hanya nika jin ƙararta.”

Ban ɓoye ba, kuka na yi, da hawaye da majina, a jikin jaki. Badaru ya juya baya ya daɗe yana fama da igiyar gorar, wai ta sarƙe. Da ya juyo gemunsa a jiƙe yake. Ya zazzage waken a tafin Wasila, cikin hannu biyu, ja wur. Ta kai hanci ta shaƙa, ta ce, “Inna.”

Shi ya riƙa sara rami da hauyarta, ita tana bin sa tana jefa ƙwaya bibbiyu tana rufewa da diddige, yadda suka yi suna yara a bayan Gwaggo. Kafin su kai kunya ta biyu sun fara faɗa. Ta ce ramukansa sun yi zurfi, ya ce da can ma ba ta iya rufe rami ba. Na zauna a inuwa ina sauraro, ban taɓa jin faɗa mai daɗinsa ba. Da aka gama ta karɓi buhun ta cika masa da ƙasa, ta ce na tudu ne, baɗi. Sannan ta tuna masa cewa ya yi rantsuwa ya karya, sai ya ciyar da mutum goma. Na ce a rubuta ni na farko. Ya ce kaffara ba ta hawa kan mai jaki.

Bayan mako huɗu muka koma. Waken ya yi kore, ba irin koren fankama na tudu ba, kore mai hankali. Wasila ta durƙusa za ta tono gindi ɗaya, Badaru ya ce a bari, ta ce ai gonarta ce. Saiwar ta fito da ƙulle-ƙulle reras. Shi da ya ce ƙuraje ne, shi ya karɓa da hannu biyu, ya fasa ɗaya da farce. Ja. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, “An amsa mishi.” Ya mai da gindin cikin ramin ya tattake, ko da yake mun gaya masa ba zai kama ba.

Waken tudu ya ba da harawa mai yawa, jakina ya gode. 'Ya'ya kuwa ba su cika ƙwarya ba. Kunya huɗun gindin gawo suka ba da tiya shida, wato kwanon awo shida, da ɗan kai. Aka dafa ɗaya ranar kaffara a gidan Wasila, ƙamshin ya fita ta kan katanga, mutum goma aka kira, ashirin da wani abu suka zo. Ni yanzu ba mai ba ni ƙullin daddawa, don Badaru da kansa yake zuwa karɓa, yana kuma yi mata ƙorafin gishiri ya yi yawa.

Da baƙi suka watse aka kawo gorar Gwaggo. Badaru ya riƙe bakinta, Wasila ta ɗura iri, ta zuba toka. Sannan ta kwance gefen zanenta, ta ɗebo ƙasar gamana cikin tafi, ta tsaya tana kallonsa, don ta san halin mutumin da tsabta.

Na ce, “In kawo rariya?”

Bai ko dube ni ba. Ta zuba ƙasar, ta kai hannu za ta toshe gorar. Badaru ya riƙe bakin gorar bai saki ba, ya ƙara miƙa mata.

“Ƙaro mini, Wasila,” in ji shi. “Don Allah.”